Takalmin Tafiyar Kwana Takwas

4 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, gwargwadon nisan da ke tsakaninmu. Ina fatan kana lafiya, kai da gwiwoyinka da kunnen nan da aka ce ya daina karɓar baƙi. Mu nan lafiya lau, shago na tafiya, sai dai sugan da nake fama da shi shekara biyar yana nan, ƙafafuna kuma wani lokaci sai in ji kamar auduga nake takawa, amma alhamdulillahi bai kwantar da ni ba.

Bayan haka, na san za ka juya ambulan ka ce wace ce wannan. Ni ce tela, jikar ƙanwar mahaifiyarka, wadda ta taɓa ɓoye maka hular gidan waya a cikin bokiti har ka makara wurin aiki. An ce mini ba ka jin magana ta waya, shi ya sa na nemi biro.

Shawara nake nema, kuma tsoro ne ya kawo ni. Auta, 'yata da ke koyarwa a ƙasar waje, ta shirya mana wata irin tafiyar hutu da ban taɓa jin irinta ba. Wai zan hau jirgi in same ta ranar 20 ga Yuni, mu kwana takwas muna tafiya a ƙafa tsakanin ƙauyuka da tuddai, kilomita goma sha biyar kullum. Mota ce ke kai manyan jakunkuna masauki na gaba, mu kuwa mu bi da ƙafa. Da farko na ce hauka ne, ga mota kuma a bar ta ta wuce.

Amma Kawu, shekara shida ban sa yarinyar nan a idona ba. Ranar da za ta tafi na faɗa mata magana a bakin ƙofa, irin wadda ba ta komawa ciki. Tun daga nan wayarmu ba ta wuce minti uku: lafiya, lafiya lau, ya aiki, sai an jima. Wannan ne karo na farko da ta nemi wani abu a wurina. In na kasa, ban san ko za ta sake nema ba.

Ga ni kuwa shekara ashirin da shida ina zaune gaban keken ɗinki. Tafiyata mafi nisa ita ce daga shago zuwa wurin mai maɓalli. Kai ka shekara talatin da ɗaya kana raba wasiƙu a ƙafa. Ka koya mini yadda ake yi.

Taka,
Tela

14 ga Maris

'Yata,

Wasiƙarki ta iso, kuma ban manta da hular ba, har yau ina jin sanyin ruwan a ƙeyata. Ni ma lafiya ƙalau. Gwiwoyi suna gunaguni, kunne ya tafi hutu bai ce yaushe zai dawo ba.

To, ki saurara, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Takalmi shi ne kan gaba. Ki je sayensa da la'asar, lokacin da ƙafa ta kumbura da zirga-zirgar yini, kada ki je da safe. Ki sa safar da za ki yi tafiya da ita kafin ki gwada. In kin tsaya, babban yatsan hannunki ya samu wurin kwanciya tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Wanda ya rufe idon sawu za ki saya, mai tauri a ƙasa. In mai shago ya ce ai zai saki, ki ce masa ya saki tukuna ki dawo.

Safa mai kauri, guda uku, ba ta auduga ba, domin auduga riƙe gumi take yi. Farce a yanke shi a miƙe, kwana uku kafin tafiya.

Daga gobe ki fara. Makon farko rabin sa'a da safe kafin ki buɗe shago. Kowane mako ki ƙara kwata. A mako na huɗu ki goya ƙaramar jakar da za ki riƙe, da gorar ruwa biyu da rigar ruwa a ciki. Ki nemi bene ki riƙa hawa da sauka, saukar ce ma ta fi cin mutum. Sanda kuma ba ta tsofaffi kaɗai ba ce, ki bar girman kai ki saya.

Fasfo da takardunki ki yi musu kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu, ɗaya ki bar wa maƙwabciya. Kada ki ɗinka sababbin kaya bakwai don a san ke tela ce. Kala uku sun isa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na rayu a kansa. Kada ki riƙa tsayawa kina leƙen ƙafa kamar sabon ma'aikaci, ɓata lokaci ne. Ƙafa da kanta za ta gaya miki. In ta yi zafi ki tsaya ki gyara, in ta yi shiru ki ci gaba. Da haka na ƙare aiki da yatsuna goma.

Maganar Auta kuwa, tafiya tana kwance harshe. Mutum biyu da ke kallon hanya ɗaya sun fi saurin faɗin gaskiya a kan waɗanda ke kallon juna. Ki je.

Kawunki na gidan waya

9 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma yi wa gwiwoyin sannu. Nan lafiya, suga na hawa na sauka kamar kullum.

Ka zo ka ga ɗalibarka! Na sayi takalmin da la'asar kamar yadda ka ce, ruwan ƙasa, nauyinsa kamar dutsen guga. Mai shagon ya ce zai saki, na ba shi amsarka, har ya yi dariya. Kullum da safe ina fita, in na dawo in cire shi in tura ƙarƙashin teburin keke, gobe in zura ƙafa in wuce. Yanzu na kai sa'a ɗaya da kwata da jaka a baya. Masu shagunan layinmu sun sa mini suna Soja. Mai gyaran agogo da ke kusa da ni cewa ya yi da ni yake saita agogunansa.

Cinyoyi sun yi tsami, baya ya yi, numfashi kuwa a hawan bene sai ka tausaya mini. Amma ƙafar nan, Kawu, ko sau ɗaya ba ta yi mini zafi ba. Maƙwabciyata da ta raka ni kwana biyu ta yi bororo har uku, ni shiru. Ina jin gadonka na yi. Abu ɗaya ke ba ni haushi: takalmin hagu yana zuba. Safa tana fitowa da jan tabo a tafin ƙafa, na wanke ya dawo. Rinin cikin ne, na san halin kaya marasa kyau.

Biza ta fito. Auta ta kira ran Lahadi, mun kai minti bakwai, ta tambayi lambar takalmina. Duk da haka tsoro nake ji in na tuna tuddan nan. In na zauna a tsakiyar hanya na kasa tashi, a gaban mutane, a gabanta fa?

Taka,
Tela

18 ga Afrilu

'Yata,

Babu gaisuwa yau. Ki cire takalmin nan, kada ki sake sa shi. Ki daina fitar safe daga ranar da wannan takarda ta same ki. Duk abin da na rubuta miki a baya game da ƙafa ki watsar. Tafiyar nan ba irin taki ba ce sai likita ya gani da idonsa. Ki je asibiti yau, ba gobe ba.

Motar wasiƙu za ta tashi, ina rubutu a tsaye a kan kantar gidan waya. Cikakken bayani na tafe.

Kawu

27 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka, tunda ni an koya mini gaisuwa. Lafiyata ƙalau.

Na karanta 'yar takardarka sau uku. Wato kai ma ka bi sahu. Yayata ta ce tsufa ya zo mini da gardama. Masu kawo ɗinki suna tambaya wa zai gama musu kaya in na faɗo daga kan dutse. Kai kaɗai ka ce mini in je, shi ya sa nake tashi da safe ko jikina bai so. Yanzu don na ce ina tsoron tuddai sai ka ce tafiyar ba irin tawa ba ce? Tsoro na faɗa maka, ban ce na kasa ba.

Asibiti kuma in je in ce musu me? In ce ƙafata ba ta ciwo, ku taimake ni? Kai ka ce in ta yi shiru in ci gaba. Ta yi shiru, na ci gaba. Jiya na yi sa'a biyu cif, gobe zan ƙara.

Cikakken bayanin da ka ce na tafe bai iso ba. In na hana ni tafiya ne, ka bar shi a wurinka.

Tela

6 ga Mayu

'Yata,

Na gaishe ki, kuma na karɓi faɗan, na cancance shi. Doguwar wasiƙar da na aiko washegarin waccan ta dawo mini jiya, a garin sauri na rubuta lambar shagonki ba daidai ba. Ni, mai raba wasiƙu.

Laifin nawa ne, ga yadda ya faru. Shekaru ina karanta wa mutane wasiƙunsu a ƙofar gida, duk gaisuwar iri ɗaya ce: muna lafiya, muna fatan kuna lafiya. Har idona ya saba, in takarda tawa ce sai ya tsallake ya sauka a kan “bayan haka”. Haka na yi wa wasiƙarki ta farko. Sai da kika yi maganar jan tabo a safa na koma na ɗauko ta, na ga suga shekara biyar, na ga kina taka auduga. Na ce ki karanta nawa layi-layi, ni ban karanta naki ba.

Akwai abokin aikina, muna ce masa Dogo, shi ke raba unguwar da ke bayan tawa. Yana da suga. Mukan yi masa hassada don ƙafarsa ba ta taɓa damunsa ba. Wata rana ya cire takalmi a ɗakin tantance wasiƙu, murfin kwalba ya faɗo. Tun safe yake tafiya a kansa bai ji ba. Dariya muka yi, har da shi. Bayan wata huɗu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni na riƙa kai masa wasiƙunsa har gado.

Suga yana kashe jin ƙafa. Shirun da kike alfahari da shi ba gado ba ne, ciwon ne. Dokar da na ba ki ta masu jin zafi ce, a wurinki guba ce. Kuma takalmin fata mai ruwan ƙasa ba ya zubar da ja a wuri ɗaya kullum.

Ga ƙaramin madubina na aski a cikin ƙunshin nan. Ki zauna inda haske yake, ki ajiye shi a ƙasa, ki duba tafin ƙafar hagu da tsakanin yatsu. Sannan ki zura hannu cikin takalmin har ƙarshe, ki shafa a hankali. In ba ki ga komai ba, ki rubuto ki zage ni, zan sa a karanta mini da ƙarfi. Ba hana ki zuwa wurin Auta nake ba. So nake ki isa da ƙafa biyu.

Kawunki

21 ga Mayu

'Yata,

Ina gaishe ki. Lafiyata ba ta da daɗin faɗi, abinci ba ya wucewa.

Kwana goma sha biyar ke nan. Kullum ina bakin ƙofa lokacin da mai raba wasiƙun unguwarmu ke wucewa, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na sa maƙwabcina ya kira lambar da ke cikin tsohon littafina, ashe ta marigayiya mahaifiyarki ce, wani baƙo ya ɗauka. In fushi ne, ki ci gaba da yi, amma ki aiko layi ɗaya ki ce kin duba. In kuma ba kya iya rubutu ne, ki sa wani ya rubuto. Ranar Litinin in ban ji komai ba zan hau mota da gwiwoyin nan.

Kawunki

23 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka. Wannan karon ka karanta gaisuwar: ba ni da lafiya sosai, amma ƙafata tana jikina.

Ƙunshinka ya kwana biyu a kan tebur ban buɗe ba, don haushi. Rana ta uku na buɗe don in samu abin mayar maka da magana. Na ajiye madubin a ƙasa kusa da ƙofar shago. Kawu, rami ne a tafin ƙafata, faɗinsa kamar maɓallin riga, gefensa fari, tsakiyarsa ja. Ina kallonsa a madubi kamar ƙafar wata. Na zura hannu cikin takalmin, abu ya soke ni a yatsa har na yi ƙara. Kan allurar keke ne da ya karye, ya faɗa ciki daga kan tebur ya kafe a shimfiɗar takalmin. Allah kaɗai ya san mako nawa ina taka shi.

Mai gyaran agogo ne ya rufe shagonsa ya kai ni asibiti. Sun riƙe ni kwana shida, shi ya sa ka ji shiru. Likitar ta ce bai kai ƙashi ba, ta ce da na ƙara mako biyu da wata maganar muke yi. Yanzu ina gida, ƙafa a kan matashi, ana wanke ciwon duk bayan kwana biyu. Na tambaye ta tafiyar. Ta ce jirgi zan iya hawa in ciwon ya rufe, amma kilomita goma sha biyar in cire shi daga raina. Sa'a ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a duba ƙafa kafin da bayan.

Ka yafe mini maganganun da na faɗa maka. Ga abin da ya fi ciwon damuna: Auta ba ta san ina da suga ba. Bayan tafiyarta aka gano, ban faɗa ba, don kada ta ce da ciwo nake son jawo ta gida. Ta kira ina gadon asibiti, ta ce lafiya, na ce lafiya lau. Ta ɗauki hutunta, ta sayi takalmi irin nawa. Ina tunanin in yi shiru in je, in daure kwana takwas ɗin, tunda dai ba zan ji zafi ba. Me ka gani?

Taka,
Tela

1 ga Yuni

'Yata,

Na karanta gaisuwar sau biyu, na kuma ci abinci. Gwiwoyi sun gode da ba su hau mota ba.

Abin da na gani shi ne kin fi Dogo taurin kai. In kika daure kwana takwas, Auta za ta dawo da ke a keken guragu, ta rayu tana cewa ita ta jawo. Wannan kike so ki bar mata?

Ga sauran shirin. Magunguna da na'urar gwajin suga a jakar hannu, kada su bi manyan kaya. Ki karɓi takardar likita da ke bayanin su. Ki riƙe ɗan abin zaƙi a aljihu saboda suga na iya faɗuwa a hanya. Safa fara za ki saya yanzu, don tabo ya nuna. Kowace safiya hannu ya riga ƙafa shiga takalmi. Takalmin kuma ya bar ƙarƙashin teburin keke. Ki tambayi masu shirya tafiyar ko motar kaya tana ɗaukar mutum.

Na ƙarshe ya fi duka wuya, kuma ba a sa shi a jaka. Ran Lahadi in ta ce lafiya, ki faɗa mata gaskiya. Ita ma ta saba tsallake gaisuwarki, kamar ni, domin ba ki taɓa sa komai a ciki ba.

Kawunki

25 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa daga masauki na huɗu. Lafiyata: suga bakwai da ɗigo biyu da safe, ciwon ya rufe, sabuwar fata ta fito, safa fara tas.

Na yi abin da ka ce. Ta kira, ta ce, “Mama lafiya?” Na ce, “A'a.” Da na gama bayani ta yi mini faɗan da ban taɓa ji daga bakinta ba. “Shekara biyar, Mama? Ni wace ce a wurinki, maƙwabciya?” Ta kashe wayar. Kwana biyu ba ta kira ba, na fara kwashe kaya daga jaka. Rana ta uku ta kira ta ce ta yi magana da masu motar, akwai kujera ɗaya kusa da direba.

Ga yadda muke yi. Da safe muna fita tare da sauran, mu yi sa'a ɗaya in hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Inda motar ke jira ni in shiga, ita ta ci gaba. Tuddan da na yi wata uku ina tsoro ta taga nake ganinsu, ina zaune kusa da jakunkuna. Ba zan ɓoye maka ba, ranar farko da na ga bayansu suna hawa na yi kuka, direban ya rasa yadda zai yi ya miƙo mini lemo.

Ka ce tafiya tana kwance harshe. A hanya ba ma cewa komai, sai ga saniya, ga gada. Amma da la'asar in ta iso masauki, kafin ta cire nata takalmin, sai ta ja kujera ta zauna gabana ta ɗora ƙafata a cinyarta. Ta cire safar, ta duba tafin, ta buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Jiya tana cikin dubawa, kanta a sunkuye, na ce mata maganar da na faɗa a bakin ƙofa ba ni da gaskiya. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Miƙo ɗayar.” Na miƙa. Ta gama dubawa ba ta sake ta ba, ta riƙe da hannu biyu har shayinmu ya huce. Ina ganin hannun nata, Kawu, amma ba na jinsa, sai na sunkuya na ɗora nawa a kai.

Madubinka yana ƙasan jaka, tun da na zo ban fito da shi ba. Zan kawo maka shi da kaina, Auta ta ce za ta rako ni. Ka tanadi kujera, don ta ce kai ma sai ta ga ƙafarka.

Taka,
Tela